VIVIEN THOMAS: KAFINTAN DA YA KOYA WA LIKITOCI FIƊAR ZUCIYA

 

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin wani baƙar fatar ƙasar Amurka mai suna Vivien Thomas, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana aikin mataimakin mai bincike a jami'o'i biyu na ƙasarsu. Dalilina shi ne, da yawa daga cikinmu a yau 'ya'yanmu da ƙannenmu suna jami'a ko sun gama, kuma akan ɗauke su ɗan aikin taimaka wa wani babban malami a bincikensa, kamar tattara bayanai, ko kula da ɗakin gwaje-gwaje, ko wanke kwalabe da rubuta sakamako. Sau da yawa nakan ji iyaye suna raina irin wannan aiki saboda ƙarancin albashinsa. A ɗaya gefen kuma, a cikinmu akwai waɗanda Allah Ya ɗaukaka suka zama farfesoshi da manyan likitoci, masu irin waɗannan yara a ƙarƙashinsu. Tarihin wannan bawan Allah ya shafi ɓangarorin nan biyu, don haka ina roƙon kowa ya karanta shi da idon basira.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Vivien Theodore Thomas ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 1910 a jihar Louisiana da ke kudancin Amurka. Kakansa bawa ne, mahaifinsa kuwa kafinta ne mai gina gidaje na katako. Tun yana ɗan ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin Nashville na jihar Tennessee, inda ya tashi ya yi karatunsa har ya kammala makarantar sakandare ta Pearl a shekarar 1929. Wannan makaranta ta baƙar fata ce zalla, domin kuwa a wancan zamani dokar wariyar launin fata ta raba komai a kudancin Amurka, tun daga makarantu da asibitoci har zuwa kujerun motar haya da wuraren cin abinci.

Tun yana makaranta ya koyi sana'ar kafinta a wurin mahaifinsa. A nan ne ya saba da auna abu sau biyu kafin ya sa zarto, ya kuma saba da haɗa katako da katako ba tare da an ga gaɓa ba. Burinsa shi ne ya zama likita, saboda haka duk abin da ya samu daga wannan sana'a sai ya riƙa ajiyewa a banki domin biyan kuɗin karatu. Da ya gama sakandare ya sami aikin kafinta a Jami'ar Fisk da ke nan Nashville, amma bai daɗe ba aka sallame shi, saboda a ƙarshen shekarar 1929 ne tattalin arzikin Amurka ya karye, aikin yi ya yi wuyar samu ga kowa, ballantana ga baƙar fata.

Shigarsa Ɗakin Gwaje-gwaje

A watan Fabrairu na shekarar 1930 wani abokinsa da ke aiki a Jami'ar Vanderbilt ya ba shi labarin cewa akwai wani matashin likitan fiɗa mai suna Alfred Blalock da ke neman wanda zai taimaka masa a ɗakin gwaje-gwajensa. A lokacin Thomas yana da shekara 19, shi kuwa Dokta Blalock, wanda farar fata ne ɗan jihar Georgia, yana da shekara 30. An ɗauke shi a kan dala 12 a mako. Niyyarsa ita ce ya riƙe aikin na ɗan lokaci ya ƙara tara kuɗi ya wuce makaranta, to amma kafin shekarar ta ƙare bankin da yake ajiya ya durƙushe, ɗan abin da ya tara ya salwanta. Daga nan ƙofar zama likita ta rufe masa, aikin da ya ɗauka na wucin gadi ya zama shi ne aikin rayuwarsa.

Binciken Dokta Blalock a kan karnuka ake yin sa. Thomas ya fara da auna nauyin dabba, da ba ta maganin sa barci, da shirya kayan aiki, da rubuta duk abin da ya faru a littafi. Ba a ɗauki lokaci mai tsawo ba sai ga shi yana yanka yana ɗinkewa da kansa, har ta kai Blalock yakan bayyana masa abin da yake so a gwada da safe, ya tafi asibiti wajen marasa lafiya, ya dawo da yamma ya tarar an gama an rubuta sakamako. A tsakanin aiki kuma Thomas yana karanta littattafan ilmin sassan jiki da na yadda jiki ke aiki, yana yi wa maigidan nasa tambayoyi.

Akwai wani abu da ya faru a farkon zamansu wanda ya nuna irin halinsa. Blalock mutum ne mai saurin fushi, wata rana aka sami kuskure a wani gwaji, sai ya rufe yaron da zagi. Thomas bai tanka ba, ya je ya sauya kayansa, ya nemi a biya shi haƙƙinsa ya kama gabansa, domin ba a yi masa irin wannan tarbiyya a gidansu ba. A lokacin da mutane ke layi suna neman aikin ko wane iri, ba ƙaramar zuciya ce za ta yi haka ba. Blalock ya ba shi haƙuri, bai kuma sake yi masa irin wannan magana ba a tsawon shekara 34 da suka yi tare.

Daga baya ne kuma Thomas ya gano cewa a takardun jami'a an rubuta shi ne a sahun masu shara da goge-goge, albashinsu ake biyansa, alhali aikin da yake yi na wanda ya yi digiri mai zurfi ne. Ya kai kuka wurin Blalock, aka ɗan yi masa ƙari. A shekarar 1933 ya yi aure, Allah Ya ba shi 'ya'ya mata biyu, nauyin iyali ya ƙara ɗaure shi ga aikin.

Binciken da Ya Ceci Sojoji

Babban abin da suka sa a gaba a Vanderbilt shi ne gano dalilin da ya sa mutumin da ya ji mummunan rauni, ko ya ƙone, ko wani abu mai nauyi ya danne shi, jikinsa kan yi sanyi, bugun jininsa ya faɗi, ya mutu ko da raunin bai taɓa wani muhimmin sashe ba. Likitoci da yawa a lokacin sun ɗauka cewa wata guba ce ke fita daga naman da ya dagargaje ta bi jini. Ta hanyar gwaje-gwaje masu yawan gaske, waɗanda suka haɗa da auna nauyin ƙafar da ta ji rauni a kwatanta da lafiyayyar, Blalock da Thomas suka nuna cewa jini da ruwan jiki ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi su taru a wurin raunin, har abin da ya rage ya kasa isar zuciya ta zagaya da shi. Ke nan maganin shi ne a gaggauta yi wa majiyyaci ƙarin jini ko ruwan jini.

Blalock ya wallafa littafi a kan wannan batu a shekarar 1940, kuma da wannan ilmi aka yi amfani wajen ceto rayukan ɗimbin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda aka taɓa garzayawa da ɗan uwansa asibiti bayan haɗarin mota ya ga an fara da ɗaura masa ruwa da neman jini, to ya ga amfanin irin wannan bincike.

Har ila yau a Vanderbilt, a ƙarshen shekarun 1930, sun yi wani gwaji da bai ba su abin da suke nema ba. Sun so su haddasa hawan jini a huhun kare, don haka suka yanke jijiyar da ke kai jini ƙafar gaba suka haɗa ta da jijiyar da ke kai jini huhu. Hawan jinin bai samu ba, amma ɗinkin ya kama, dabbar ta rayu. Suka rubuta suka ajiye, ba tare da sanin ranar da zai yi ba.

Ƙaura Zuwa Baltimore

A shekarar 1941 aka naɗa Blalock shugaban sashen fiɗa na asibitin Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, inda ya yi karatunsa na likita. Ya nemi Thomas ya bi shi, shi kuwa ya kwashi iyalinsa suka tafi a watan Yuni na wannan shekara. Abin da suka tarar ya fi na Nashville tsanani ta wasu fuskoki, domin gidan haya ya yi tsada, wanda baƙar fata zai iya samu kuma ba shi da kyau. A cikin asibitin ma an ware wa baƙar fata ɗakunan jinya da wurin cin abinci dabam, kuma aikin da aka san su da shi shi ne shara da ɗaukar kaya. Ranar da Thomas ya ratsa barandar asibitin sanye da farar rigar ma'aikatan bincike, mutane tsayawa suka yi suna kallonsa kamar sun ga abin al'ajabi.

An damƙa masa ɗakin gwaje-gwajen fiɗa na jami'ar, wanda ake kira Hunterian. Ya tarar da shi babu isassun kayan aiki, ya gyara na gyarawa, ya ƙera na ƙerawa da hannunsa.

Matsalar Jarirai Masu Shuɗin Jiki

A shekarar 1943 wata likitar zuciyar yara mai suna Helen Taussig ta zo wa Blalock da wata matsala. Ita kanta wannan baiwar Allah ta sha gwagwarmaya, domin Jami'ar Harvard ba ta ba mata digirin likita a zamaninta, sai a Johns Hopkins ta samu a 1927, ga shi kuma jinta ya yi rauni har takan yi amfani da yatsunta wajen jin bugun zuciyar yaro. A asibitinta akwai yaran da ake haifa da wani lahani na zuciya, wanda wani likitan Faransa mai suna Fallot ya yi bayaninsa tun 1888.

Ga yadda abin yake a taƙaice, kamar yadda malamanmu na ilmin halittu suka koya mana a aji. Zuciya tana da ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma ya tura wanda ya ɗebo iskar zuwa sauran jiki. A wurin waɗannan yara hanyar da ke fita zuwa huhu a tsuke take, sannan akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa guda biyu, babbar jijiyar jiki ta goce ta zauna a kan hudar, naman ɗakin dama kuma ya yi kauri saboda wahalar turawa. Saboda haka jini mai yawa yakan zarce cikin jiki bai bi ta huhu ba. Leɓen yaro da harshensa da farcensa sai su yi shuɗi, in ya yi 'yar tafiya kaɗan sai ya tsuguna yana haki, kuma akasarinsu ba sa kai wa ga girma.

Dokta Taussig ta lura cewa akwai wata 'yar jijiya da kowane jariri ke zuwa da ita, wadda kan toshe da kanta bayan haihuwa, kuma yaran da tasu ta yi jinkirin toshewa sun fi samun sauƙi, da zarar ta toshe kuwa sai jikinsu ya rikice. Don haka ta yi tunanin ko likitan fiɗa zai iya ƙirƙiro wata hanya makamanciyarta da za ta ƙara kai jini huhu. Nan take Blalock da Thomas suka tuna da wancan gwaji na Vanderbilt.

Aikin tabbatar da wannan tunani a kan Thomas ya faɗa. Da farko sai da ya nemo hanyar da zai sa kare ya shiga irin halin da yaran ke ciki, sannan ya gwada ko haɗa jijiyoyin zai kawo sauƙi, ya kuma tabbatar cewa ɗinkin ba zai kashe ba. Ya yi wannan a kan karnuka kimanin 200. Wata karya da suka sa wa suna Anna ita ce ta farko da ta daɗe a raye bayan aikin, har aka zana hotonta aka rataye a jami'ar. Da yake jijiyar jariri ba ta wuce kaurin tsinken ashana da yawa ba, kuma babu kayan aikin da suka dace da ita a kasuwa, Thomas ya yanke allurai ya gajarta su ya wasa bakinsu, ya zura musu zaren siliki, ya kuma gyara 'yan ƙarafan da ake matse jijiya da su.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944

A wannan rana aka shigo da wata jaririya da ba ta kai shekara biyu ba ɗakin tiyata, rai a hannun Allah. Shi Blalock sau ɗaya tak ya taɓa halartar wannan aiki a kan kare, a matsayin mai taimaka wa Thomas. Saboda haka kafin ya sa aska sai ya aika a kira shi. Aka kawo ɗan benci aka ajiye a bayan kafaɗar Blalock, Thomas ya hau ya tsaya yana leƙen abin da ake yi, yana faɗa masa inda zai sa allura, da tazarar ɗinki, da ko tsawon jijiyar ya isa. Doka ba ta yarda ya taɓa majiyyaci ba tun da ba likita ba ne. Cikin matasan likitocin da suka taimaka a ranar akwai William Longmire da Denton Cooley, Dokta Taussig kuma tana tsaye ta wajen kan yarinyar.

Yarinyar ta tashi daga aikin, jikinta ya yi sauƙi har aka sallame ta, ko da yake bayan wasu watanni ciwon ya dawo ta mutu. A farkon 1945 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 11, sannan wani yaro ɗan shekara 6, wanda tun yana kan gadon tiyata aka ga launin leɓensa ya sauya da aka saki jijiyar. A watan Mayu na 1945 aka buga rahoton waɗannan yara uku a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Labari ya bazu duniya, iyaye suka riƙa tururuwa zuwa Baltimore da 'ya'yansu, har aka yi wa fiye da yara 200 aikin cikin kimanin shekara guda. A 1947 Blalock ya je Ingila da Faransa ya nuna wa likitocinsu yadda ake yi. Kafin wannan lokaci likitoci da yawa suna ganin zuciya wuri ne da aska ba ta zuwa, wannan nasara ce ta ƙarfafa musu gwiwa.

To amma rahoton da aka buga sunan Blalock da Taussig kawai yake ɗauke da shi, kuma da sunansu aka riƙa kiran aikin. Ba a ambaci Thomas ko a layin godiya ba, hotunan da 'yan jarida suka ɗauka ma babu shi a ciki.

Malami da Rana, Mai Raba Abin Sha da Dare

Thomas ya ci gaba da aikinsa. A 1946 ya ƙirƙiro wata hanyar fiɗa ta buɗe ƙofa a bangon ɗakunan sama na zuciya domin taimakon yaran da manyan jijiyoyinsu suka fito a juye, ita ma da sunan wasu aka san ta. Bugu da ƙari, kusan duk matashin likitan da ya zo koyon fiɗa a ƙarƙashin Blalock sai ya bi ta ɗakin Thomas ya koyi riƙon allura da ɗinkin jijiya. Daga cikinsu akwai Denton Cooley da na ambata, wanda ya kafa cibiyar zuciya ta Texas a 1962, ya kuma zama na farko da ya sa wa ɗan Adam zuciyar roba a 1969. Ya kuma horar da wasu baƙar fata da dama suka zama ƙwararrun ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje.

Duk da haka albashinsa bai isa riƙon gida ba, har ta kai yakan yi aikin raba abin sha a wuraren liyafa da dare, wani lokaci a gidan shi Blalock ɗin, inda yake miƙa kofi ga mutanen da ya koyar da safe. Sai a 1946, bayan ya nuna zai koma sana'arsa ta kafinta, Blalock ya tsaya aka gyara masa matsayi, ya zama ya fi kowane ma'aikaci irinsa albashi a jami'ar. A 1947 ya nemi shiga kwalejin Morgan ta Baltimore, amma aka ce sai ya faro daga ajin farko, ba za a lissafa masa komai daga shekara 17 da ya yi yana bincike ba. Da ya ƙirga ya ga zai kai kusan shekara 50 kafin ya fito likita, sai ya haƙura. Lokacin da aka shirya wa Blalock babbar liyafar cika shekara 60 a wani otel na Baltimore, aka gayyato ɗaruruwan likitoci, ba a aika wa Thomas katin gayyata ba.

Ni a ganina ba daidai ba ne a ce Blalock mugu ne kawai, domin shi ne ya ga basirar yaron, ya koyar da shi, ya kuma ƙi rabuwa da shi. Amma kuma yana da ikon sa sunansa a takarda, yana da ikon tura shi makaranta, bai yi ko ɗaya ba. Mai ido ɗaya ma ya san wanda ya fi cin ribar wannan zama.

Sakayya a Ƙarshen Rayuwa

Blalock ya mutu a shekarar 1964. Thomas ya ci gaba da shugabancin ɗakunan gwaje-gwajen fiɗa na tsawon shekara 15 bayan haka. Waɗanda suka fara biyan bashin da ake bin jami'a su ne tsofaffin ɗalibansa, waɗanda a lokacin sun zama shugabannin sassan fiɗa a jami'o'i daban-daban na Amurka. Su ne suka haɗa kuɗi aka zana hotonsa, aka yi bikin miƙa shi a 1971, aka rataye shi a ginin da ke ɗauke da sunan Blalock. A 1976 Jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa na dokta, a fannin shari'a ba na likitanci ba, ta kuma naɗa shi malami a sashen fiɗa, wato aikin da ya shafe shekara 35 yana yi ba tare da suna ba. A shekarunsa na ƙarshe ya zama uba ga Dokta Levi Watkins, baƙar fata na farko da ya zama babban likita mai neman ƙwarewa a fiɗar zuciya a wannan asibiti.

Ya yi ritaya a 1979, ya zauna ya rubuta tarihin aikinsa da Blalock. Ya mutu ranar 26 ga watan Nuwamba na 1985 sakamakon ciwon daji, yana da shekara 75, kwanaki kaɗan kafin littafin ya fito. Jama'ar Amurka ba su san shi sosai ba sai bayan da wata 'yar jarida mai suna Katie McCabe ta rubuta labarinsa a 1989, daga bisani aka yi fim a kansa a 2004. A yau akwai makarantar sakandare a Baltimore mai ɗauke da sunansa, kuma likitoci da yawa sun koma kiran aikin da sunayen mutum uku, Blalock da Thomas da Taussig. Ilmi ya ci gaba, domin tun 1954 aka fara gyara wannan lahani gaba ɗaya ta hanyar buɗe zuciya, amma har yanzu akan yi wa wasu jarirai irin wancan haɗi da ɗan bututun roba kafin su yi ƙwarin da za a yi musu babban aikin.

Abin da Ya Kamata Mu Ɗauka

Ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da aka ɗauka aikin taimaka wa malami a jami'a, shawarata ita ce kada su raina shi. Thomas ya shiga da takardar sakandare kawai, abin da ya ɗaga shi shi ne tsabtar aiki, da rubuta komai daidai ko da gwajin bai yi nasara ba, da karatu a kan abin da hannunsa ke yi. Gwajin da suka ɗauka ya faɗi a Vanderbilt shi ne ya ceci yara a Baltimore, kuma da ba a rubuta shi da kyau ba da ya bi iska. Sai dai kuma su lura da inda shi ya cutu. Tun ranar farko yaro ya nemi sanin matsayin da aka rubuta shi a takarda, da abin da za a biya shi, da ko sunansa zai fito a abin da za a wallafa, da ko aikin zai ba shi damar ci gaba da karatu. Shi Thomas wariyar launin fata da karyewar banki ne suka tare masa hanya, yaranmu kuwa yawanci suna da damar yin rajistar babban digiri suna cikin aikin, don haka kada su bari shekaru su tafi ba takarda a hannu.

Ga 'yan uwana da suka zama manya a jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu, ina tunatar da mu cewa haƙƙin na ƙasa amana ce. Yaron da ya kwana a ɗakin gwaji, ko ya yi yawo ƙauye-ƙauye yana tattaro bayanai, ya cancanci a sa sunansa, a biya shi a kan lokaci, a kuma rubuta masa takardar shaida idan ya ga wata dama a gaba. Rubuta suna ɗaya a ƙasan naka ba ya rage maka komai.

Daga ƙarshe ina da shawara ga ƙungiyarmu. Kowannenmu zai iya tuna ma'aikatan ɗakin kimiyya na makarantarmu, waɗanda ke jera mana kwalabe da sinadarai kafin mu shigo, su kuma wanke bayan mun fita, har da ranar jarrabawar ƙarshe da kuskurensu kaɗan zai iya kayar da aji guda. A duk taron shekara mukan karrama shugabannin makaranta da malamai, wanda hakan daidai ne, amma ya kamata mu faɗaɗa. Tun da tsofaffin ɗalibai ne suka fara tuna Thomas kafin hukumar jami'arsa ta farga, ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a nemo waɗannan bayin Allah ko iyalansu, a yi musu abin da ya sawwaƙa tun ana iya samunsu.